DAGA WA KA JI? TAMBAYAR DA ZA TA KAI ƊAN TALAKA JAMI'A



Duk shekara idan lokacin sayar da fom ɗin jarrabawar shiga jami'a ya zo, akan ga iyaye talakawa a kasuwannin Bodinga da Shagari da ƙauyukan da ke kewaye da su suna fitar da ɗan abin da suka ɓoye. Wani buhun gero zai ɗauko, wata tunkiyarta za ta ba da a sayar, wani kuma albasar da ya so ya ajiye sai ta yi daraja zai karyar, don kawai a haɗa wa yaro kuɗin rajista, wanda a shekarar 2025 ya haura naira dubu bakwai, ban da kuɗin mota da na abinci. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah ba su taɓa zama a ajin makarantar boko ba. Abin da suka sani shi ne yaron nan ya gama sakandare, shi ne na farko a zuriyarsu da ya kai wannan matsayi, kuma an ce idan ya wuce gaba zai amfani kansa ya amfani danginsa. Sai su miƙa masa kuɗin, su bi shi da addu'a, iyakar abin da za su iya yi masa ke nan.

Sauran tafiyar shi kaɗai zai yi ta. Ba ya da wa a gida da ya taɓa bin hanyar, ba ya da kawu a ofis, kuma sau da yawa ba ya da malamin da aka ware a makarantarsu don ya ba shi shawara. Abokin shawararsa ɗaya ne, wato wayar da ke aljihunsa ko aljihun abokinsa. To ita kuwa wannan waya kasuwa ce da mai gaskiya da maƙaryaci suka baje kolinsu a rumfa ɗaya, kuma ba a rubuta wa kowa halinsa a goshi ba. Saboda haka duk wanda ke maganar shirya ɗan talaka don shiga jami'a, alhali bai koya masa yadda zai tantance labarin da ya zo masa ta waya ba, to aikin baban giwa yake yi. Sanin hanyar shiga jami'a da sanin yadda ake rarrabe gaskiya da ƙarya a waya, a wajen ɗan talakan yau, darasi guda ne.

Kafin a je ko'ina ya kamata a san waɗanda ake magana a kansu. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Bodinga tana da mutum fiye da dubu 170, ta Shagari kuma fiye da dubu 150, kuma kowa ya san yau sun wuce haka nesa ba kusa ba. Mafi yawansu manoma ne da makiyaya da ƙananan 'yan kasuwa. A shekarar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto a kan talauci mai fuskoki da yawa, wanda ya haɗa da rashin ilimi da rashin lafiya da rashin abubuwan more rayuwa, inda ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikinsa a Nijeriya, kuma Jihar Sakkwato ce a sahun gaba, da kimanin mutum tara cikin kowane goma. A irin wannan hali, yaron da ya lallaɓa ya gama aji shida na sakandare a Dingyadi ko Danchadi ko Kajiji ko Dandin Mahe ya riga ya tsallake ramuka da yawa da suka cinye sa'o'insa. Asara ce babba ga al'umma a ce bayan duk wannan wahala ya zo bakin ƙofa ya faɗi, saboda wani abu da minti goma ya isa a yi masa bayaninsa.

Abin takaici kuma shi ne makarantun ba su yi nisa ba. Mutumin Bodinga idan zai shiga birnin Sakkwato ba ya cin awa guda a mota, na Shagari ma hanyar ɗaya ce. A nan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take tun 1975, ga Jami'ar Jihar Sakkwato da ta fara karatu a 2013, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ga kuma babbar makarantar horar da malamai da aka sa wa sunan Alhaji Shehu Shagari. Yaro zai wuce ta ƙofar wasu daga cikinsu a bayan a-kori-kura yana rakiyar kayan gona, amma hanyar shiga cikinsu ta fi masa hanyar Makka nisa, domin hanya ce ta sani, shi kuwa ba wanda ya sanar da shi.

Mene ne wannan sani da ɗan mai hali yake samu a gida a ɓagas, ɗan talaka kuma yake saye da tsada, wani lokaci da shekara guda ta rayuwarsa? Na farko, zaɓen fanni ba ranar sayen fom ake yin sa ba, tun daga aji huɗu na sakandare ake yi. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, darussa huɗu take jarraba ɗalibi a kai, Turanci da wasu uku, kuma kowane kwas yana da nasa haɗin. Mai son likitanci sai da ilimin halittu da kimiyyar sinadarai da fiziks. Mai son injiniyanci sai da lissafi da fiziks da kimiyyar sinadarai. Mai son aikin lauya sai da adabin Turanci. Yaro zai ci maki mai kyau, amma saboda haɗin da ya zaɓa bai dace da kwas ɗin da ya nema ba, sunansa ba zai ko kai teburin tantancewa ba. Littafin da ya yi bayanin duk wannan yana nan a shafin hukumar na intanet, kyauta ne, amma sai wanda ya san da zamansa zai neme shi.

Na biyu, tun daga 2015 jarrabawar gaba ɗaya ta koma kan kwamfuta, tambayoyi 180 cikin awa biyu. Ɗalibin da ranar jarrabawa ce ranarsa ta farko ta zama a gaban kwamfuta, da rawar jiki zai fara, kuma kafin hankalinsa ya kwanta lokaci ya yi nisa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga shi kuma a 2025 ministan ilimi ya ba da sanarwar niyyar mayar da jarrabawar WAEC da ta NECO su ma kan kwamfuta. Idan aka yi haka ba tare da an kai kwamfuta da wutar lantarki makarantun karkara ba, to an ƙara wa ɗan talaka wata katangar ce a kan wadda take gabansa.

Na uku, tun daga 2021 ba a rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, wadda ɗalibi zai aika ta saƙon waya zuwa lambar hukumar daga layinsa na kansa. Wannan layi da adireshin imel ɗin da aka yi rajista da su, su ne mabuɗin ɗalibi har ranar da zai gama karatu. A nan ne yara da yawa suke faɗa wa rami. Sai yaro ya je wani shagon intanet da hukuma ba ta amince da shi ba, mai shagon ya sa layinsa ko imel ɗinsa a madadin na yaron, ko ya rubuta suna da ranar haihuwa saɓanin abin da ke takardar sakandare. Daga ranar nan yaro ya zama bawan mai shago, duk abin da zai duba sai ya biya, in kuma mai shago ya tashi ya bar gari, shi ke nan an rufe ƙofa an tafi da mabuɗi.

Na huɗu, tun daga 2017 hukumar ta ɓullo da tsarin da ake kira CAPS, wanda ta cikinsa kaɗai ake ba da gurbin karatu na halal. Dole ɗalibi ya tabbatar an ɗora sakamakonsa na sakandare a shafin hukumar, wato kiredit biyar a darussan da suka dace, da Turanci a ciki, da kuma lissafi ga masu neman fannonin kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa, a zama ɗaya ko biyu. Idan an ba shi gurbi kuma dole ya shiga da kansa ya karɓa. Akwai yaran da aka ba su gurbi, suna zaune a ƙauye suna jiran takarda ta zo a ambulan kamar yadda aka yi a zamanin da, har wa'adi ya wuce. Wanda kuma aka shigar da shi makaranta ta bayan gida ba ta wannan tsari ba, yana iya shafe shekara huɗu yana karatu, ranar tafiya bautar ƙasa a ce ba a san da shi ba.

Na biyar, akwai haƙƙoƙi da hanyoyi da aka tanada waɗanda talaka bai san nasa ba ne. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ta raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko, kuma Sakkwato tana cikin wannan jeri. Wanda bai samu jami'a kai tsaye ba yana iya yin NCE ko difloma, ko shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, daga nan ya shiga aji biyu na jami'a. Wanda ya fito daga sakandaren Arabiyya yana da jarrabawar hukumar NBAIS. Batun kuɗin makaranta kuwa, tun watan Mayun 2024 asusun NELFUND ya buɗe shafin neman bashin karatu ga ɗaliban makarantun gwamnati, bashi ne marar ruwa, ana biyan makaranta kai tsaye, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Ko mutum yana da ja a kan a ce talaka sai ya ci bashi kafin ya yi karatu, kuma akwai abin ja a kai, haƙƙinsa ne ya san da shi, ya san sharuɗɗansa, ya yanke hukunci da idonsa buɗe.

Duk wannan bayani yana cikin wayar da ke hannun yaron. Matsalar ita ce yana nan a cakuɗe da ƙarya wadda ta fi shi yawa, ta fi shi ado, ta kuma fi shi saurin yawo. Da zarar an saki sakamakon jarrabawa sai saƙonni su cika WhatsApp da Facebook da TikTok, wani ya ce shi ma'aikacin hukuma ne, a turo dubu kaza zai ƙara maki. Wani ya ce yana da amsoshin jarrabawar gobe. Wani ya buɗe shafi mai kama da na jami'a sak, da tambarinta da hoton ƙofarta, ya ce a biya kuɗin karɓar gurbi a wani asusun banki mai sunan mutum. Wani ya sanar da tallafin karatu a Turkiyya ko Saudiyya ko Ingila, ya ce a tura wa mutum ashirin sannan a cike fom, a sa lambar NIN da ta BVN. Waɗannan mutane sun san wanda suke farauta. Ɗan babban sakatare ba zai faɗa tarkonsu ba, domin kafin ya tura kwabo zai tambayi ubansa. Wanda suke nema shi ne yaron da uwarsa ta sayar da tunkiya, wanda ba ya da wanda zai tambaya, wanda kuma kunya ba za ta bari ya faɗa wa kowa an cuce shi ba.

Kada wani ya ɗauka 'yan ƙauye kaɗai ake yaudara. A shekarar 2023 ƙasar nan ta ɗauki zafi a kan wata ɗaliba a Jihar Anambra da ta nuna takardar sakamako mai maki 362, aka yi ta yi mata kirari a jaridu da kafafen sada zumunta cewa ita ce ta fi kowa, manya suka shiga faɗan suna zagin hukuma, daga baya bincike ya tabbatar takardar ta jabu ce, ainihin makinta 249 ne. A watan Disamban wannan shekarar kuma wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. Wannan ya sa a watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, daga baya ministan ilimi na lokacin ya ce an gano sama da mutum 22,000 masu riƙe da takardun da ba a amince da su ba daga ƙasashen biyu. A cikinsu babu shakka akwai 'yan damfara, amma akwai kuma 'ya'yan bayin Allah da aka sayar da gona aka tura su, saboda wani talla da aka gani a waya. Kafin wannan, a watan Agustan 2014, saƙon ƙarya na cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa yana maganin cutar Ebola ya zaga ƙasar nan cikin dare ɗaya, masu digiri da marasa shi suka tashi da asuba suna dafa ruwa, har aka rasa rayuka. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, wadda ke iya kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa ta sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗi ba. Da can akan ce gani ya kori ji. Yau ganin ma sai an bincike shi.

Ba ana nufin duk abin da hukuma ta faɗa saukakke ne daga sama ba. A 2025 sakamakon JAMB ya nuna sama da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu ba su kai maki 200 cikin 400 ba, jama'a suka yi ca, aka matsa lamba aka duba na'urori, shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya amsa cewa an sami kuskure da ya shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake masu jarrabawa. Darasin da ke ciki shi ne hujja da tsayuwar jama'a ne suka ƙwato wa yaran nan haƙƙinsu a bainar jama'a. Ba wanda ya sami gyara ta hanyar tura wa wani ɓoyayyen mutum kuɗi a waya.

Wani zai ce ai wannan tantance labari sabon ilimi ne na Turawa, tun da har hukumar UNESCO tana ware masa mako guda duk shekara, kuma a 2022 a Abuja aka yi babban taronsa na duniya. Wanda ya faɗi haka bai san ƙasar da yake takawa ba. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Bodinga ta yau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa yana rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815. A garin Bodinga ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a wannan zamani, shi ne kuma ya wallafa littafin Ida'un Nusukhi musamman don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wajensu, da abin da ya karanta a wajen kowannensu. Me ya sa babban malami kamar wannan zai ɓata tawada a kan haka? Saboda a tarbiyyar da suka tashi a cikinta, magana ba ta da daraja sai an san silsilar da ta biyo. Malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kan tambayoyi kaɗan: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun taɓa haɗuwa, an san shi da gaskiya da kiyayewa, akwai wani amintacce da ya ruwaito irin haka? Aya ta shida ta Suratul Hujurati ita ma umarni ce da a yi bincike kafin a yi aiki da labari, don kada a cutar da mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Abin kunya ne a ce jikokin mutanen da ba su karɓar magana sai da isnadi, yau su ne ke tura saƙon da ba shi da uwa ba shi da uba zuwa zauruka goma kafin su gama karanta shi.

Waɗannan tambayoyi na magabata su ne dai za a ɗora a kan waya. Saƙon nan wa ya rubuta shi, da sunan wa ya fito? Adireshin shafin na hukumar ne da gaske, ko an sauya harafi ɗaya? Shafukan hukumomin gwamnati a Nijeriya galibi da gov.ng suke ƙarewa, na jami'o'i kuma da edu.ng. Yaushe aka rubuta shi, ko tsohon labari ne aka sake ɗumamawa? Gidan rediyon Rima ko BBC Hausa ko wata jarida da aka sani ta kawo shi? Masu aikin bin diddigin labarai irin su Dubawa sun ce wani abu a kai? Me mai saƙon yake so, kuɗi, ko lambar sirri, ko dai a tura wa wasu? Me ya sa yake gaggawa yana cewa yau ne ƙarshe? Ƙa'ida ɗaya ma ta isa ta tsare yara da yawa: babu hukumar jarrabawa ko jami'ar gwamnati da ke karɓar kuɗinta ta asusun wani mutum, kuma babu mai iya ƙara maki. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Tarihin Shagari shi ma yana da abin faɗa. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin a 1925, Yabo ya tafi ya yi elementare, daga nan Midil ta Sakkwato, daga nan Kwalejin Kaduna, ya dawo ya kama alli yana koyarwa a Sakkwato da Argungu tun kafin ya shiga siyasa har ya shugabanci ƙasa daga 1979 zuwa 1983. A wancan zamani malami shi ke duban yaro ya ce wannan ya dace da kaza, ya cike masa takarda, ya gaya masa ranar tafiya. Tsani ne mai matakala a bayyane, duk da cewa 'yan kaɗan ne ake bari su hau. Yau an ce ƙofa a buɗe take ga kowa, amma an janye jagora an bar yaro da waya. Garin da ya haifi malamin makaranta da ya zama shugaban ƙasa bai cancanci 'ya'yansa su riƙa rasa gurbin karatu saboda rashin mai gaya masu ranar rufe rajista ba.

Alhaki na farko yana wuyan mahukunta. A 2015 gwamnatin Jihar Sakkwato ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, amma a 2022 hukumar WAEC ta sanar cewa ba a gabatar mata da ɗaliban makarantun gwamnati daga Sakkwato da Zamfara ba. Ko mene ne dalilin saɓanin da ya jawo haka, 'ya'yan manya da ke makarantun kuɗi sun rubuta tasu, ɗan talaka ne aka rage wa dama. Abin da ake nema a yanzu bai fi ƙarfin gwamnati ba. Kowace babbar sakandare a Bodinga da Shagari a ba ta malami mai ba da shawara wanda aka horar, wanda aikinsa ke nan tun daga 'yan aji uku. A samar da ɗakin kwamfuta mai aiki da hasken rana, wanda za a buɗe wa ɗalibai su taɓa da hannunsu, domin an sha ganin inda ake kulle kwamfutoci sai baƙi sun zo. Shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa masu sayen fom su raba a gaban kyamara su sani raba fom ba tare da horo ba kamar ba makaho madubi ne. Wanda ya sayi fom ɗari ya ɗauki nauyin wata uku na bita, ya kuma bi sawu ya gaya wa jama'a nawa suka sami gurbi.

Alhaki na biyu yana kan waɗanda Allah Ya nufa suka tsallake. Babu gundumar da ba ta da ɗan da ya gama jami'a ko yake cikinta. Ƙungiyoyin ɗaliban Bodinga da na Shagari da ke manyan makarantu, maimakon su ƙare a bikin karrama 'yan siyasa, su raba kansu lokacin hutu, kowa ya koma makarantar da ya fito ya zauna da 'yan aji biyar da shida, ya nuna masu shafin gaskiya da na ƙarya a kan waya, ya bi su har a gama rajista. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'yan taru, inda take horar da jajis su koma ƙauyuka su karantar da mata a gidajensu, ba ta jira matan karkara su nemo ta da kansu ba. Wannan tsari ya fi dacewa da 'yan mata a yau, domin yarinya ita ce ta fi rashin waya tata ta kanta, ita ce ba za ta iya zuwa shagon intanet ta daɗe ba, ita ce kuma idan ta rasa shekara ɗaya da wuya a sake ba ta wata. Asibitocin yankin suna kukan rashin mata likitoci da ungozoma, to daga ina za su fito idan ba a riƙo hannunsu tun daga nan ba?

Limamai da malaman Islamiyya su ma suna da rabonsu. Masallacin Juma'a shi ne wuri ɗaya da uban da bai iya karatun boko ba yake jin sanarwa ya yarda da ita. Minti biyu bayan sallah a faɗi ranar fara rajista da ranar rufewa, da cibiyar da hukuma ta amince da ita, da gargaɗi a kan masu ƙara maki, zai tsare dukiyar musulmi da yawa. A kuma riƙa tunatar da jama'a cewa sayen amsar jarrabawa ha'inci ne ko da an samu, kuma tura labarin da ba a tabbatar ba ɗaukar alhaki ne ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Iyaye kuwa kada rashin karatun boko ya sa su raina kansu. Manomin da ba ya sayen sa sai ya duba haƙoransa, wanda ba ya karɓar iri sai ya tambayi gonar da ya fito, ya riga ya san tantancewa. Idan yaro ya zo ya ce a ba shi kuɗi an ce za a yi masa kaza, uba ya tambaye shi wa ya ce, ya kuma ɗauke shi su je wajen shugaban makaranta ko ofishin hukumar a Sakkwato su ji da kunnensu. Kuɗin motar wannan tafiya ya fi arha a kan tunkiyar da za ta tafi a banza. Shi kuma ɗalibi ya sani tambaya ba abin kunya ba ce, matambayi ba ya ɓata. Ya riƙe layinsa da imel ɗinsa da lambobin sirrinsa kamar yadda yake riƙe mabuɗin ɗakinsa, ya rubuta su a takarda ya ba mahaifiyarsa ta ajiye. In ya faɗi a karo na farko ya binciki dalili, ya gyara, ya sake, ko ya bi ɗaya daga cikin sauran hanyoyin.

Yaro ɗaya da ya shiga jami'a daga gidan da ba a taɓa shiga ba, ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta ba za su sake tafiya cikin duhu ba, domin sun sami wanda za su tambaya. Haka nan yaro ɗaya da aka damfara ya dawo gida hannu rabbana, unguwa guda zai sa ta yanke ƙauna, a ce ai ga ɗan wane ma an kashe kuɗi ba a ga komai ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai aikin da ya rage ga mahukunta da malamai da 'yan boko da iyaye na Bodinga da Shagari, kuma lokacin fara shi tun kafin a buɗe sayar da fom ne.

Allah Ya buɗa wa 'ya'yan raunana ƙofofin ilimi mai amfani, Ya tsare su daga sharrin mayaudara, Ya ba masu riƙe da amanar jama'a ikon sauke ta.